AIKIN ƘIDIDDIGA: TSANI MAI TSAWO, KUJERA MAI ZAFI

A cikin watan Fabrairu na shekarar 2025 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NBS, ta ba da sanarwar cewa hauhawar farashin kaya a Nijeriya, wadda ta kai kashi 34.80 cikin ɗari a watan Disamba na 2024, ta sauko zuwa kashi 24.48 a watan Janairu. Duk wanda ya ji wannan labari a rediyo yana zaune kan buhun albasa a kasuwar Mile 12 ta Ikko, ko kuwa yana jiran motar goro a Shagamu, ya san bai ga wani kaya da ya yi araha cikin wata guda ba. Saboda haka mutane da yawa suka ce ai zancen Gwamnati ne, suka ci gaba da harkokinsu.

To, maganar ba ƙarya ba ce, sai dai mudun da ake awo da shi aka sake. Hukumar tana da jerin kayayyakin da iyali ke saye, tun daga shinkafa da man ja har kuɗin haya da kuɗin mota, kuma kowane wata ma'aikatanta sukan bi kasuwanni su rubuto farashinsu. Jerin da aka daɗe ana aiki da shi na shekarar 2009 ne, alhali kuwa cikin shekara goma sha biyar abubuwan da magidanci ke kashe kuɗinsa a kai sun sake ƙwarai. Sai aka yi sabon jeri mai kaya fiye da 900, aka sake nauyin da ake ba kowane kaya, aka kuma mai da 2024 ita ce shekarar gwaji. Watau alƙalamin Disamba da na Janairu ba da kwano ɗaya aka auna su ba. Ban da haka ma, idan aka ce hauhawa ta ragu ba a ce farashi ya sauka ba. Mota ce ta rage gudu, amma har yanzu gaba take yi.

Abin lura a nan shi ne, akwai waɗansu mutane da suka zauna suka yanke shawarar ranar da za a sake mudun, da abin da za a zuba cikinsa, kuma ɗaya daga cikinsu ne ya fito gaban 'yan jarida ya kare aikin. Waɗannan su ne ma'aikatan ƙididdiga. Ba a buga hotunansu a jikin motoci, ba a yi musu kirari a wurin biki, amma da alƙalumansu Babban Banki ke tsai da kuɗin ruwa, da su ƙungiyoyin ƙwadago ke cinikin albashi, da su kuma ake raba kuɗi tsakanin jihohi. A tsarin rabon da ake yi wa jihohi daga asusun Tarayya, kashi 30 cikin ɗari bisa yawan jama'a ake yin sa. Kujerun Majalisar Wakilai 360 ma haka, abin da ya sa Kano take da 24, Ikko ma take da 24.

RIGIMAR DA TA GIRMI YAWANCIN MASU KARATU

Ƙirga mutane a ƙasar nan bai taɓa zama aikin lissafi zalla ba. A zamanin Turawa talaka ya ɗauki mai ƙidaya a matsayin ɗan aiken haraji, kuma bai yi kuskure ba. Bafulatani yakan kora rabin garkensa daji kafin malamin jangali ya iso. A Gabas kuwa, tarzomar matan Aba ta 1929 ta faro ne daga lokacin da aka shiga wani gida a Oloko za a ƙirga mata da dabbobi, matan suka tabbata haraji za a ɗora musu. A wancan lokaci kowa rage kansa yake yi.

Da siyasa ta zo sai abin ya juye, kowa ya koma ƙara kansa. Ƙidayar 1952 zuwa 1953 ta ba Nijeriya mutum miliyan 30.4, fiye da rabi a Jihar Arewa, kuma bisa wannan ne Arewa ta sami kujeru 174 cikin 312 a zaɓen 1959. Da aka sake ƙidaya a watan Mayu na 1962, sai alƙaluman farko suka nuna Gabas da Yamma kowacce ta ƙaru da kimanin kashi 70 cikin ɗari cikin shekara goma, Arewa kuwa da kimanin kashi 30. Baturen da ke riƙe da aikin, Mista J. J. Warren, ya rubuta cewa an yi aringizo a waɗansu gundumomin Gabas. Aka koma bincike, sai ga ƙarin mutum fiye da miliyan takwas sun fito a Arewa. Daga nan rigima ta kaure, Firayim Minista Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya soke ƙidayar baki ɗaya. Wadda aka sake a watan Nuwamba na 1963 ta ba da miliyan 55.6, Arewa tana da miliyan 29.8. Firimiyan Gabas, Dokta Michael Okpara, ya ƙi amincewa, Gwamnatinsa ta kai ƙara Kotun Ƙoli, kotun ta ce ba huruminta ba ne.

A 1973 Janar Yakubu Gowon ya ɗauko mutumin da ake ganin ba wanda zai zarge shi, watau tsohon Babban Jojin Ƙasa, Sir Adetokunbo Ademola, ya ba shi shugabancin hukumar ƙidaya. Duk da haka da aka ce jama'a sun kai miliyan 79.8, jihohi shida na Arewa suna da miliyan 51, Cif Obafemi Awolowo ya fito fili ya yi watsi da ita, kuma tana cikin abubuwan farko da Janar Murtala Muhammed ya soke bayan juyin mulkin 1975. Ta 1991, a ƙarƙashin Alhaji Shehu Musa, Makaman Nupe, ta fi lafawa, ta ba da kusan miliyan 89, kuma a cikinta ne aka bar tambayar ƙabila da addini don gudun fitina. Ta 2006 ta ba da miliyan 140, Kano miliyan 9.4, Ikko miliyan 9.1. Gwamnan Ikko na lokacin, Bola Ahmed Tinubu, ya ƙi karɓa, Gwamnatinsa ta ce nata lissafin ya nuna miliyan 17.5. A 2013 shugaban Hukumar Ƙidaya, Cif Festus Odimegwu, ya ce ba a taɓa yin ƙidayar kirki a ƙasar nan ba. Gwamnan Kano Rabi'u Musa Kwankwaso ya nemi a cire shi, kafin ƙarshen shekarar kuwa ya ajiye aikin.

Mai karatu zai lura da abu guda cikin wannan tarihi. Alƙali ya riƙe kujerar, babban ma'aikacin Gwamnati ya riƙe, ɗan kasuwa ya riƙe, ɗan Kudu da ɗan Arewa duk sun riƙe. Kujerar shugabancin Hukumar Ƙidaya naɗi ne na siyasa. Amma masu zana taswirar unguwanni, da masu tsara takardar tambayoyi, da masu tace alƙaluma su gano inda garin da ba shi da rijiya goma ya haifi mutum dubu ɗari, waɗannan ba a samun su da naɗi. Sai an yi shekaru ana koyo.

Wannan magana ta shafi ɗan Arewa mazaunin Kurmi fiye da kowa, domin shi ne mutumin da ɓangarori biyu ke ja. Ƙa'idar ƙidaya ita ce a ƙirga mutum inda aka same shi. Amma duk lokacin da ta ƙarato sai a ji ana raɗe-raɗin kowa ya koma gida a ƙirga shi can. In ya tafi, to Agege ko Sabon Badun inda 'ya'yansa ke makaranta, inda matarsa ke zuwa awon ciki, sun rasa shi a lissafin da za a yi na azuzuwa da gadajen asibiti, gobe kuma a ce ai 'yan tsiraru ne a wurin. In ya zauna, mutanen garinsu su ce ya ba wata jiha rabonsu. Bai kamata a bar wannan hukunci a hannun direbobin tasha da masu raɗe-raɗi ba. Kamata ya yi a ce a fadar kowane Sarkin Hausawa akwai saurayi ko budurwa da suka san aikin, waɗanda za su iya zama su bayyana wa jama'a abin da kowace hanya za ta jawo.

MATAKAN TSANIN

Tushen abin shi ne lissafi a sakandare. Yaron da bai ci darasin lissafi da kyau a jarrabawar WAEC ko NECO ba, ƙofar ta rufe masa tun daga nan, sai ya sake zama. A zangunan Kurmi kuwa, yaron da aka ga kansa na ja wajen lissafi shi ake fara cirewa daga makaranta a ba shi littafin rumfa, don shi ba ya ɓatar da kwabo. Riba ce ta yau, amma hasara ce babba, domin wannan kan da ke riƙe bashin dillalai talatin ba tare da takarda ba, shi ne ainihin abin da wannan sana'a ke nema.

Makarantun kuma ba nesa suke ba. Hukumar Ƙididdiga tana da makarantunta na horo guda uku masu ba da difloma: ɗaya a Badun, ɗaya a Inugu, ɗaya a Manchok cikin Jihar Kaduna. Sashen ƙididdiga na Jami'ar Badun yana cikin mafi daɗewa a ƙasar nan, kuma daga Sabo tafiyar mota ɗaya ce. Ana karanta fannin a Nsukka da Ilori da Zariya da Sakkwato, haka nan a manyan kwalejojin fasaha irin ta Kaduna. Sai dai mai shawara ya gaya wa yaro gaskiya: a aikin Gwamnati an daɗe ana taka wa mai babbar difloma birki kafin ya kai kujerar darekta, saboda haka wanda ya fara da difloma ya sa ran ƙarawa da digiri.

Akwai kuma maganar takardar asali, wadda ke ba 'ya'yan zango wahala. Yaron da aka haifa a Idi-Araba, kakansa ma a nan aka binne shi, idan ya zo neman aikin Tarayya sai a ce ya kawo takardar ƙaramar hukumarsu ta asali, garin da watakila bai taɓa kwana bakwai a cikinsa ba. Uban da ke da hangen nesa yakan nemi wannan takarda tun yaro yana sakandare, ba sai an buga tallar aiki saura kwana biyar a rufe ba.

Mai digiri yakan shiga aikin Gwamnati a mataki na 08, darekta kuwa yana mataki na 17, tsakaninsu akwai shekara ashirin da wani abu. Shekarun farko na yawo ne: bin gidaje da takardar tambayoyi ko 'yar na'urar hannu, shan rana, karnuka, da maigidan da zai ce ba ya ƙirga 'ya'yansa don kada baki ya kama su. Samari da yawa sukan raina wannan mataki, suna so a zaunar da su gaban kwamfuta tun ranar farko. Kuskure ne. Wanda bai taɓa ganin yadda ma'aikacin da ya gaji ke zama gindin bishiya ya cike takardun gida goma da ka ba, ba zai gane irin wannan takarda ba ranar da ta zo teburinsa.

Gishirin ilmin shi ne sanin ɗiban samfur. Ɗan kasuwar hatsi ba ya zazzage buhu ɗari kafin ya saya. Yakan soki waɗansu ya duba ƙwayar a tafin hannu. Amma ya san in daga bakin buhu kaɗai ya ɗiba, an cuce shi, don mai kaya a sama yake zuba mai kyau. Haka binciken gidaje yake. Gida dubu ashirin ko talatin sun isa su ba da hoton ƙasa mai mutum fiye da miliyan ɗari biyu, muddin an zaɓe su bisa ƙa'ida, an shiga lungu da ƙauyen da mota ba ta zuwa. Wanda ya gane wannan, ya gane abin da ya sa ƙuri'ar jin ra'ayi ta intanet ba ta faɗin komai game da mai ruwa da mai gadi.

HANYA BIYU ZUWA KUJERA ƊAYA

Dokar Ƙididdiga ta 2007 ita ce ta tsai da Hukumar NBS a kan ƙafafunta, bayan an haɗe tsohon Ofishin Ƙididdiga na Tarayya da rumbun ajiyar bayanai na ƙasa. Ta ba shugaban Hukumar wa'adin shekara biyar, ana iya sabunta masa sau ɗaya, ta kuma hana a bayyana abin da wani mutum ko kamfani ya faɗa wa mai bincike. Wannan na ƙarshe ya kamata 'yan kasuwa su sani, don har yanzu akwai masu ganin ma'aikacin ƙididdiga su ɓoye rabin kaya.

Mutum uku da aka naɗa a kujerar daga 2011 zuwa 2022 sun nuna hanyoyi biyu na isa gare ta. Dokta Yemi Kale daga waje ya zo a 2011, masanin tattalin arziki ne da ya yi aikin bincike a harkar banki, ya kuma yi wa minista aikin ba da shawara, bai kai shekara arba'in ba. Dokta Simon Harry, wanda ya gaje shi a watan Agusta na 2021, ɗan gida ne da ya hau matakan ɗaya bayan ɗaya kusan shekara talatin, amma Allah bai ba shi tsawon kwana a kujerar ba, ya rasu a watan Afrilu na 2022. Wanda aka naɗa bayansa, Semiu Adeyemi Adeniran, shi ma ɗan gida ne.

A zamanin Kale ne aka yi aikin da ya sa duniya ta waiwayo. Tun 1990 ba a sake shekarar da ake gwada arzikin ƙasa da ita ba, watau ana auna Nijeriya da mudun lokacin da babu wayar hannu, babu kasuwar finafinai. A watan Afrilu na 2014 aka bayyana sabon lissafi bisa shekarar 2010, sai jimlar abin da ƙasa ta samar a 2013 ta tashi daga Naira tiriliyan 42 zuwa tiriliyan 80, kimanin Dala miliyan dubu 510, Nijeriya ta wuce Afirka ta Kudu a rana ɗaya. Ba wanda aljihunsa ya ƙara nauyi, amma Gwamnati ta yi murna, an yaba wa Hukumar.

Ranar gwaji ta zo daga baya. A watan Disamba na 2018, saura wata biyu zaɓe, ana jiran alƙaluman rashin aikin yi waɗanda suka makara, Kale ya ce rashin kuɗi ne ya jawo jinkirin. Mai magana da yawun Shugaban Ƙasa, Malam Garba Shehu, ya faɗa a talabijin cewa shugaban Hukumar ya yarda lissafinsu bai kula da ayyukan da noma ya samar ba. Kale bai yi shiru ba, ya fito a Twitter ya ce bai faɗi haka ba. Kwanaki kaɗan bayan nan Hukumar ta buga kashi 23.1 cikin ɗari. A 2021 ta buga kashi 33.3. Bai rasa kujerarsa ba, ya cika shekara goma, daga baya ya tafi kamfanin KPMG, sa'an nan bankin Afreximbank. Wannan abin a yaba wa ɓangarorin biyu ne, domin ba ko'ina ake wanyewa haka ba. A ƙasar Girka, Andreas Georgiou ya karɓi ofishin ƙididdiga a 2010, ya bayyana cewa giɓin kasafin kuɗin 2009 ya kai kashi 15.4 cikin ɗari, ya kuwa shafe shekaru ana jan sa a kotu duk da hukumomin Turai sun gaskata lissafinsa. A Amurka ma, ranar 1 ga Agusta 2025, Shugaba Donald Trump ya kori shugabar ofishin ƙididdigar ayyuka, Erika McEntarfer, sa'o'i kaɗan bayan ofishin ya fitar da rahoton da bai yi masa daɗi ba.

Sai dai ba kullum ne rigimar ke zama tsakanin mai gaskiya da mai mulki ba. Wani lokaci tsakanin masanan ne kansu. A watan Agusta na 2023 Hukumar ta ce rashin aikin yi kashi 4.1 ne cikin ɗari. Dalili kuwa, dā sai mutum ya yi aikin sa'a ashirin a mako kafin a fitar da shi daga jerin marasa aiki. Sabon tsari, wanda ya bi ƙa'idar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ya ce ko sa'a ɗaya mutum ya yi cikin kwana bakwai ya sami wani abu, to mai aiki ne. Bisa wannan awo, mai yankan farce da ya yi wa mutum uku aiki a mako, da mai wankin takalmi, da ɗan dakon da ya ɗauki kaya sau biyu, duk ma'aikata ne. Kale ya fito ya ce shi ya ƙi wannan tsari duk tsawon zamaninsa, don sa'a ɗaya ba ta ciyar da kowa. Magadansa suka ce ta haka ne kaɗai za a iya gwada Nijeriya da sauran ƙasashe. Kowannensu yana da hujja, amma inda Hukumar ta gaza shi ne wajen bayani. Rahoton nan ɗin ya nuna fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu aikin ba su da albashi tsayayye ko wata kariya, kuma wannan shi ne labarin da ya kamata a sa gaba. An bar 4.1 ta yi yawo ita kaɗai har jama'a suka mai da ita abin dariya. Shugaban ƙididdiga da bai iya fassara alƙalami da harshen kasuwa ba, ya yi rabin aiki ne.

Alƙaluman da suka fi ɗaci ga Arewa ma daga wannan gida suka fito. A watan Nuwamba na 2022 Hukumar ta ce mutum miliyan 133, kashi 63 cikin ɗari, suna cikin talauci idan aka haɗa rashin ilmi da lafiya da ruwa da muhalli, kuma miliyan 86 daga cikinsu a Arewa suke. Sakkwato kashi 91, Ondo kashi 27. Ana iya fushi da wannan, amma fushi ba ya soke shi. Jihar da ke ganin an yi mata ba daidai ba, sai ta kawo nata masana su duba yadda aka ɗibi samfurin. Kaduna da Kano da Ikko duk suna da nasu ofisoshin ƙididdiga, kuma ƙarfin kowane ofis gwargwadon mutanen da ke cikinsa ne.

KASUWAR DA KE WAJEN GWAMNATI

Dā wanda ya karanta ƙididdiga ba shi da wurin zuwa sai ma'aikata ko aji. Yanzu abin ya faɗaɗa har ya sami sabon suna, kimiyyar sarrafa bayanai. Duk kiran da aka yi ta MTN ko Airtel, duk cinikin da ya bi ta na'urar Moniepoint ko OPay a rumfar mai nama, yana barin sawu. Bankuna da kamfanoni suna neman waɗanda za su bi wannan sawu su gane wa ya cancanci rance, ina ake zamba, wace unguwa ce ke bukatar sabon reshe. Yawancin waɗannan kamfanoni a Ikko hedkwatarsu take. Kayan aikin su ne Excel da SQL da Python da R, ana kuma iya fara koyonsu kyauta: akwai ƙungiyar Data Science Nigeria a Ikko, akwai Arewa Data Science Academy da ke koyarwa ta intanet, akwai shirin 3MTT da Ministan Sadarwa Dokta Bosun Tijani ya ƙaddamar a 2023.

Amma a yi hattara da masu tallar cewa cikin wata uku yaro zai fara karɓar Dala. Kwas na wata uku yakan koya wa mutum tuƙa na'ura, ba ya koya masa shakkar alƙalami. Masu ɗaukar aiki sukan tambayi abin da mutum ya taɓa yi da hannunsa. A nan ɗan zango yana da abin da ɗan unguwar masu kuɗi ba shi da shi. Saurayin da zai yi shekara guda yana rubuta yawan motocin tumatir da ke shiga kasuwarsu kowace safiya, da garin da suka fito, da farashin kwando, ya tsara shi ya nuna yadda damina da kuɗin man dizal ke juya shi, ya riƙe abin da ofisoshi da yawa za su so gani. Lokacin da 'yan kasuwar abinci da shanu suka tsai da kai kaya Kudu a ƙarshen Fabrairu na 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha, farashin tumatir ya yi tashin gwauron zabo a Ikko cikin kwanaki. Kowa ya ga ƙarfin wannan ciniki a lokacin. Ƙungiyar da ta shiga zauren sulhu da littafin da ke nuna motoci nawa, kuɗi nawa, shingaye nawa a hanya, ba za a sallame ta da alkawarin baka ba.

Ga kuma harshe. Yaron da ya tashi yana jin Hausa da Yarabanci da Turancin buroka, shi ne wanda duk mai bincike ke nema a Agege ko Shasha. 'Yan mata kuwa sun fi samari daraja a wannan fage. Binciken lafiyar iyali da Hukumar Ƙidaya ke yi, irin na 2018, mata ne ke yi wa mata tambayoyinsa, kuma gidan da aka rubuta "ba shiga" a ƙofarsa ba ya buɗuwa ga namiji ko da ya zo da digiri uku. In babu 'yar Hausa mai ilmin da za ta shiga, to ko dai a tsallake gidan, ko a rubuta abin da maigida ya ga dama ya faɗa daga zaure.

An shirya yin ƙidaya daga 3 zuwa 7 ga Mayu 2023, wadda aka ce ita ce ta farko da za a yi da na'urorin hannu maimakon takarda. An yanka ƙasar gunduwa-gunduwa a taswira, an ɗauki ma'aikatan wucin gadi ta intanet, shugaban Hukumar na lokacin, Alhaji Nasir Isa Kwarra, ya ce an kashe kimanin Naira miliyan dubu 200, sai Shugaba Muhammadu Buhari ya ɗage ta ya bar wa Gwamnati mai zuwa. Wanda ya gaje shi kuwa shi ne Gwamnan nan da ya ƙi karɓar ƙidayar 2006. A 2025 ya kafa kwamiti ya duba kuɗin da aikin zai ci, shekarar kuma ta ƙare ba a yi ba, watau shekara goma sha tara ke nan ana rabon kuɗi bisa ƙiyasi. Duk ranar da aka tsayar, za a sake neman masu ƙidaya da masu duba su a kowace unguwa, da sharaɗin takardar makaranta da iya aiki da na'ura, kuma mazauna unguwar ake fara nema. Waɗanda za su shiga lungunan Sabo da Agege da Idi-Araba ran nan suna ajin sakandare yanzu, ko kuwa suna rumfa suna riƙe da littafi.